Watan da Baba Ya Gani

Talata: Yamai zuwa Damagaram

Ƙarfe huɗu da kwata na asuba na fito daga gidana a Yamai, jaka a kafaɗa, ga wani ƙaton kwali wanda sai da muka kama ni da mai taksi kafin ya shiga bayan mota. Matata Hadiza ta rako ni har bakin titi. Ta ce a duk mazan da ta sani, ni kaɗai ne zan tafi gaida mahaifina da tsohuwar kwamfuta a madadin buhun shinkafa. Na ce shinkafa ai akwai ta a Damagaram. Ta ce, "Kwamfutar ce dai babu, ko?" Ta yi mini addu'a ta koma ciki tana dariya. Ni dariyar ba ta zo mini ba.

Bas ɗinmu ya tashi ƙarfe biyar. Kuɗin mota jika goma sha huɗu, wato sefa dubu goma sha huɗu, kwalin kuma jika biyu, don mai auna kaya ya ɗaga shi ya tambaye ni ko duwatsu na tara. Kilomita wajen ɗari tara ke gabanmu, saboda haka bari in faɗa muku abin da ya tashe ni, kada ku yi ta bin mota ba ku san inda ta nufa ba.

Ni injiniya ne, aikina turakun wayar sadarwa. Ban da aiki, abu biyu ke cin lokacina: kallon taurari da tara tsofaffin kwamfutocin da kowa ya yar. Ciwon ya kama ni tun ina jami'a. A shekarata ta biyu, ni da abokina Iliya muka rubuta wa kwamfutar makaranta wani lissafi mai faɗin ranar da za a haifi sabon wata da sa'arsa. Muka buga sakamakon shekara guda a doguwar takarda mai huji-huji a gefe. Na naɗe ta na tafi da ita ƙauyenmu hutun Ƙaramar Sallah, ina jin kamar sararin sama ne na sa a aljihu.

Babana kuwa shi ne mai duban wata na ƙauyenmu, can bayan Damagaram Takaya. Manomi ne, bai yi boko ba, amma Allah ya ba shi ido. Ranar ashirin da tara ga azumi ya hau tudun yamma da gari, ya sauko ya ce ya gani. Aka yi ganga, gari ya sha ruwa, kashegari muka yi Idi. Sai labari ya zo cewa a birni ba wanda ya gani, sun cika talatin. A ƙofar masallaci, gaban dattawa, na warware takardata na ce, "Baba, ba zai yiwu ba. Jiya da magariba ko haihuwar watan nan ba a yi ba." Ya dubi takardar da ba ya iya karantawa, ya dube ni. Tun daga ranar bai sake hawa tudun nan ba. Shekara ashirin da biyar ke nan, kuma ina jin kunyar faɗa muku cewa na sha ba da labarin a cikin abokai don a yi dariya.

Makonni uku kafin wannan tafiya, na tsinci wata kwamfuta a kasuwar tsofaffin kaya mai bakin da ke karɓar disket, ɗan faifan ajiya irin na da. Na gyara ta, na tono diskocina na jami'a daga cikin gwangwani, na kunna lissafinmu don in tuna ƙuruciya. Da na gwada shi da wayata sai na ga suna tafiya tare wata goma, amma a Janairu da Fabrairu namu yana ja baya. Layi ɗaya muka tsallake wajen kwafa daga littafi. Sallar waccan shekara a Janairu ta faɗo. Takardata labarin yammacin ranar da ta gabata take bayarwa, ba na ranar da Baba ya duba ba. Da na gyara layin, sai ga watan zaune bisa yamma, ɗan kwana guda, daidai inda mai ido irin na Baba zai kama shi. Na daɗe zaune ina kallon gilashin kwamfutar.

Mun yi sallar asuba a gefen hanya, muka shiga Doso ƙarfe bakwai da rabi. A bariyar jandarma, shingen binciken hanya, kafin Dogonduci aka sauke mu, kowa da katinsa a hannu. Wani matashin jandarma ya nuna kwalina.

"Na wa ne wannan? A buɗe."

Na buɗe. Ya leƙa, ya ga ƙaton gilashi mai ƙeya kamar tulu.

"Tele ce?"

"Odinater ce, shef."

"Wannan? Alhaji, ai ta girme ni." Ya kira ɗan'uwansa ya zo ya gani, suka yi ta dariya, suka taya ni ɗaure kwalin da kansu.

Ƙwanni ƙarfe goma sha biyu saura, na ci shinkafa da wake na dala ɗari, sefa ɗari biyar, da ban ji ɗanɗanonsa ba. Madawa, Maraɗi da la'asar, sai Tasawa rana ta yi ja. Kaka ce, dammunan gero jere a gonaki dama da hagu. Duk tsawon hanyar nan ina shirya maganar da zan yi wa Baba, kuma duk wadda na shirya sai in ji ta fito kamar rahoton ofis. Mun sauka Damagaram ƙarfe takwas saura kwata.

Laraba: Kara-Kara da Birni

A gidan Iliya na sauka, a unguwar Kara-Kara. Malamin lissafi ne yanzu a wata makarantar sakandare, kuma dattijo a cocinsu. Kansa ya yi fari fat, amma dariyar tana nan yadda na bar ta. Ɗaki ɗaya muka zauna shekara huɗu a jami'a, ɗakin mutum biyu da muke kwana mu shida. Shi Kirista ne, amma duk azumi shi ke tada ni sahur, don na fi kowa nauyin barci, ya kuma zauna ya taya ni cin garin rogo da ƙuli wai kada in ci ni kaɗai. Kwamfuta takwas ke gare mu ɗalibai fiye da a ƙirga, sai ka rubuta suna tun Litinin ka samu sa'a guda ranar Alhamis. Iliya yakan rubuta sunansa ya ba ni sa'arsa.

Da safe matarsa Rifkatu ta kawo mana kunu da ƙosai, muka kafa kwamfutar a kan teburin da yake gyaran takardun ɗalibai. Ta yi ƙugi, ta yi tari, ta kama. Na nuna masa gurbin layin. Ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa.

"Mutari, ni ne fa nake karanto maka kana bugawa. Wataƙila idona ne ya tsallake."

"Ko da kai ne, ni na buɗe baki a ƙofar masallaci."

Can ya ce, "To yanzu ita wannan, ina za ka da ita?"

"Ƙauye. In nuna wa Baba da idonsa."

"Akwai kuran a ƙauyenku?"

Wallahi sai a lokacin abin ya faɗo mini. Ni da nake kafa turaku a daji ina lissafin wutar kowane batir, na ɗauko na'ura tun daga Yamai zan kai ta garin da babu wutar lantarki, ko kwan fitila babu. Rifkatu ta riƙe baki ta fita. Na fara cewa ai ana iya hayar janareta a Takaya, Iliya ya ɗaga hannu.

"Wancan karon takarda ka kai masa, wannan karon gilashi. Shi ba ya karanta ko ɗaya. Tsoro kake ji, abokina, kana neman abin da za ka ɓuya a bayansa. Bar ta nan. Ba za ta gudu ba, ko tafiya da ƙyar take yi."

Na ji haushinsa, don gaskiya ya faɗa. Na bar ta.

Da hantsi na shiga Birni, tsohuwar unguwar gari, a ƙafa, don babur ɗin kabu-kabu ba ya jin daɗin yashin lungunan nan. Na sayi takalmin fata wajen wani baduku da ya tambaye ni girman ƙafar, na rasa amsa. Na san nisan wata daga ƙasa, ban san ƙafar ubana ba. Ya ce, "Manomi ne? Ɗauki mai faɗi." Na sayi alkaki na jika, da shayi da sukari, da shinkafar Hadiza rabin buhu. Na yi ta zaga lunguna har azahar, ina duban zanen bangaye kamar baƙo, alhali na san jan ƙafa kawai nake yi.

Alhamis: Takaya da gida

Ƙarfe shida da rabi Iliya ya kai ni tasha a babur ɗinsa. Motar mai cin mutum goma sha tara ce, ba ta cika ba sai takwas saura ashirin. Kilomita wajen saba'in ne, amma mun ci sa'a uku, don ko'ina akwai mai sauka da buhu ko mai hawa da akuya. Direban ya dube ni ta madubi ya ce, "Patron, ba ka saba da hanyarmu ba."

Na ce, "A kanta aka haife ni."

"To ta manta ka," in ji shi.

Daga Takaya na ɗauki kabu-kabu, kilomita goma sha ɗaya cikin yashi, shinkafa a gaba ni a baya. Sau biyu muka sauka muka tura. Muka iso gari rana na tsaka, mata suna ta ɓarar gyaɗa a inuwa.

Ƙanwata Fasuma, wadda ke kula da Baba tun rasuwar Innarmu, ta tare ni da guɗa ƙasa-ƙasa. Baba yana zaune a zaure bisa buzunsa. Ya rame fiye da bara, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi Hadiza da yara ɗaya bayan ɗaya, ya gwada takalmin, ya yi masa daidai. Fasuma ta kawo fura a ƙwarya. Na miƙa masa ludayi ya fara, ya girgiza kai.

"Sha abinka. Ina da azumi."

"Baba, a wannan zafin? Da shekarunka?"

Fasuma ta ce, "Haka yake yi, Yaya. Alhamis ɗin farko ta kowane wata. Na yi magana har na gaji."

Na jira ta koma ciki. Duk jawabin da na shirya a mota ya watse, na rasa ko kalma ɗaya daga cikinsa. Na ce, "Baba, ka tuna shekarar da ka ga watan Sallah, na zo da takarda na ce ba ka gani ba?"

Ya tsaya da jan carbinsa.

"Ka gani, Baba. Watan yana nan. Takardata ce ta yi kuskure, ni na yi kuskuren da hannuna. Sai kwanan nan na gano. Na ƙaryata ka a gaban mutane a kan abin da kai ne mai gaskiya. Na zo ne ka yafe mini."

Na yi zaton zai ce dama ya sani. Shekara ashirin da biyar ina ɗauka fushi ne ya hana shi hawa tudun nan, kuma na zo da shirin karɓar faɗa. Sai ya ɗago ya dube ni.

"Sake faɗa."

"Ka gan shi, Baba."

"Ba idona ne ya yi mini gizo ba?"

"Ba idonka ba ne."

Ya sunkuyar da kai, ya rufe fuska da hannu biyu. Ban taɓa ganin babana yana kuka ba, ko ranar da muka rufe Inna. Na matsa na riƙe gwiwarsa, ni ma na kasa riƙe nawa.

Da ya natsu ya ce, "Siriri ne, Mutari, kamar farcen jinjiri, ɗan sama da aduwar gonar Barma. Har yau in na rufe ido ina ganinsa. Amma da ka zo da takardar nan, sai na ce ashe na sa gari guda sun ci abinci da rana a cikin Ramadan. Liman na lokacin ya ce mini babu kome a kaina tunda ba da gangan ba ne. Kunnena ya ji, zuciyata ba ta ji ba. Sai na bi gari gida-gida a raina, duk wanda ya isa azumi a shekarar, na ce zan yi wa kowa yini guda. Saura mutum goma sha tara."

Duk Alhamis ɗin nan, da rani da damina, yana huɗa yana noma da ƙishirwa, ni kuwa ina Yamai ina shan ruwan sanyi ina ba da labarinsa.

"Baba, don me ka yarda da ni? Kai ka gani da idonka. Ni yaro ne, shekarata ashirin da ɗaya."

Ya dube ni kamar na yi tambayar wauta.

"Da wani ne ya kawo takardar nan, da na kore shi da sanda. Amma kai ne. Ni na kai ka lakol, makarantar boko, da ƙafata, mutane suna ce mini na ba da ɗana ga Nasara, na ce a'a, zai je ya san abin da ban sani ba. Ranar da ka dawo da shi a hannu, sai in ce ƙarya ne?"

Na ce ya yafe mini, ya ce ya yafe tun ba a je ko'ina ba, wai me ake riƙe wa ɗa. Na tura masa ƙwaryar na ce to ya sha, tunda babu kome a kansa. Ya yi ɗan murmushi.

"Na yau na Hawa ne matar maƙeri, Allah ya ji ƙanta. Tun asuba na ɗauka da sunanta. Bari in ƙarasa mata, kyauta ce."

Da aka kira magariba ya sha ruwa, ya ci alkaki biyu, har ya nemi na uku. Muna fitowa masallaci ya ɗaga kai yamma, abin da ban ga ya yi ba tun ina saurayi. Watan kwana huɗu ne, yana rataye kowa na ganinsa. Ya ɗan taɓe baki ya ce, "Wannan ai na yara ne."

Juma'a: ƙofar masallaci

Baba ya ce ba sai na faɗa wa kowa ba. Na ce a ƙofar masallaci na yi ɓarnar, can zan gyara. Bayan an sallame na nemi izinin Liman, wanda jikan na wancan lokacin ne, na miƙe na faɗi abin da ya faru, ba ragi. Yawancin masu saurare ba a haife su ba a shekarar. Cikin dattawan da suka ga takardata mutum uku suka rage, ɗaya ma kunnensa ya tafi, sai da aka maimaita masa da ƙarfi.

Malam Barma, mai gonar da ke da aduwar, ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Kai yaro, ai mu ba mu taɓa shakka ba. Mun ci tuwon Sallarmu, mun ƙoshi. Mutum ɗaya ne a garin nan ya yarda da takardarka, ga shi nan zaune." Aka yi dariya, Baba ma ya yi, yana share ido da bakin rawaninsa. Liman ya tambaye shi ko zai koma hawa tudu. Ya ce idon ya tsufa, amma in akwai mai son ya san inda ake dubawa a kowane lokaci na shekara, ya zo zaure.

Asabar da Lahadi: komowa

Na bar gida ƙarfe bakwai na safiyar Asabar. Fasuma ta cika mini jaka da gyaɗa da kuka. Baba ya rako ni har bakin gari a sabon takalminsa, ya riƙe hannuna bai saki ba sai da mai kabu-kabu ya tada babur. Na isa Damagaram da azahar. Na ba Iliya labari a tsakar gida, ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi, Rifkatu kuwa ta ce sai ta je ta gaida wannan tsoho da kanta. Kwamfutar na bar masa ya nuna wa ɗalibansa, tare da layin da muka tsallake.

Lahadi ƙarfe biyar na asuba muka tashi, muka bi hanyar da muka zo, muka shiga Yamai ƙarfe bakwai da minti ashirin na yamma. Na gode wa Allah da ya kai ni ya komo da ni lafiya, ya kuma sa na iske Baba da rai. Da na ƙara jinkiri, ban san wa zan faɗa wa ba. Na gode wa Iliya da Rifkatu da suka sauke ni, da Fasuma da ke ɗauke da nauyin da ya kamata mu raba, da direbobin da ban san sunansu ba.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai duk tsawon watan: mutum goma sha takwas ɗin da suka rage. Na san taurin kan babana, ina tsoron ya ce su ma kyauta ce. Alhamis ɗin farko ta sabon wata ina ofis, ƙarfe goma sha biyu da rabi na rana, wayata ta yi ƙara. Fasuma ce, ta hau tudu inda ake samun layi, tana haki.

"Yaya, Baba ne ya ce lalle in kira ka yanzu, ba sai an jima ba."

"Lafiya?"

"Lafiya lau. Ya ce a gaya maka yana shan fura."